Yadda Za Ka Sayi Gidanka na Farko a Babban Birni Ba Ka Sayi Wahala Ba

Mafi yawan masu neman gida na farko da gini suke fara kallo: ɗaki nawa ne, falon zai ɗauki kujeru, tayil ne a ƙasa ko siminti. Alhali gini ne ya kamata a duba a ƙarshe, domin shi kaɗai kuɗi ke iya gyarawa daga baya. Rufi mai yoyo ana sake shi, matsattsen kicin ana faɗaɗa shi. Amma gidan da aka gina a hanyar ruwa yana nan a hanyar ruwa, wanda ke nesa da wurin aikinka ba zai matso ba, takarda mai rikici kuwa tana iya cinye gidan da duk abin da ka zuba a ciki. Saboda haka jerin da za mu bi shi ne aljihu, unguwa, takarda, sannan gini.

Mataki na farko: ka san ƙarfin aljihunka kafin ka leƙa gida ko ɗaya

Wanda ya fara zagayen ganin gidaje bai yi lissafi ba, idonsa zai sauka a kan wanda ya fi ƙarfinsa, daga nan duk sauran su zama ba su yi masa ba. Zauna da takarda da biro tukuna. Rubuta abin da ke shigo maka a wata, wanda ka tabbata yana shigowa, ban da ihsani da ribar da takan zo sau ɗaya a shekara. Ƙa'idar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na samunka. Masu ba da bashin gida a Amurka sun ɗan ƙara tsananta ta: kashi 28 ga gida, kashi 36 ga duk basukan da ke kanka a haɗe. Ba doka ba ce, amma wanda ya zarce ta da yawa, rashin lafiya ɗaya ko tsayawar albashi na wata biyu ya isa ya tarwatsa masa lissafi.

Sai kuɗaɗen da ba a faɗa a cikin farashi. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, na safiyo, na injiniyan da zai duba ginin, harajin sauya suna da kuɗin rajista, sai kwashe kaya da ƙananan gyare-gyaren da ba a rasawa a makon farko. Yawansu ya danganta da dokar inda kake, don haka ka tambayi lauya adadinsu tun yanzu. A shawarata ka ware kamar kashi 10 na farashin gidan domin su. In sun yi saura, ba asara ka yi ba. Bayan haka, ka bar kuɗin cefane da buƙatu na wata uku zuwa shida a gefe, waɗanda sayen gidan ba zai taɓa ba.

Ka kuma tuna daga ranar da ka karɓi makulli babu sauran mai gidan da za ka kira idan famfo ya fashe. Masu lissafin harkar sukan ce a ƙiyasta kashi 1 na darajar gida duk shekara domin gyara, tsohon gida kuwa ya fi haka ci.

Tambaya ta ƙarshe a nan: shekara nawa kake ganin za ka yi a birnin? Idan akwai alamar aiki zai ɗauke ka nan da shekara biyu ko uku, haya ta fi maka. Kuɗin shiga da na fita daga gida suna da yawa, sai an zauna kamar shekara biyar ko fiye kafin su narke.

Mataki na biyu: hanyar biya

Mai kuɗi a hannu ya huta da rabin wannan babin. Wanda zai karɓi bashin banki kuwa, ya kamata ya ga yadda lissafin yake tafiya da idonsa, domin ma'aikacin banki biyan wata kawai zai nuna maka, shi ne adadin da ke da daɗin ji.

Mu ɗauki misali da kowane irin kuɗi ne. Ka karɓi miliyan 10 a kan ruwa kashi 10 a shekara, za ka biya cikin shekara 20. Biyan wata zai kama kusan 96,500. A watan farko, 83,300 daga ciki kuɗin ruwa ne, 13,200 kawai ke rage uwar kuɗi. Bayan shekara biyar za ka tarar ka biya kusan miliyan 5.8, amma bashin da ke kanka har yanzu yana kusa da miliyan 9. Ranar da ka gama, jimillar abin da ka biya ta haura miliyan 23. Da shekara 10 ka zaɓa, biyan wata zai tashi zuwa kusan 132,000, amma jimillar ba za ta kai miliyan 16 ba. Tsawon wa'adi yana sauƙaƙa wata, yana tsadantar da gida. Don haka ka nemi a rubuta maka jimillar duk abin da za ka biya har ƙarshe, ka kuma tambaya ko akwai tara idan ka so biya kafin lokaci.

Tambaya ta biyu ita ce: ruwan tsayayye ne ko mai sauyawa? A misalin nan namu, idan ya tashi daga kashi 10 zuwa 14, biyan wata ya koma sama da 124,000, albashinka kuwa yana inda yake. Irin wannan bashi mai araha a farko, mai tashi daga baya, yana cikin abubuwan da suka raba miliyoyin iyalai da gidajensu a Amurka a rikicin kuɗi na 2008. Haka nan kada ka ci bashi da kuɗin da ba da shi ake biyanka ba. Dubban iyalai a Poland sun karɓi bashin gida da kuɗin Suwizalan saboda ruwansa kaɗan ne. A Janairun 2015 darajar kuɗin ta yi tsalle a rana ɗaya, bashinsu ya ƙaru suna zaune a ɗaki.

Ga wanda yake guje wa ruwa, bankunan Musulunci suna da hanyoyi uku da aka fi sani. A murabaha banki ne zai sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan. A ijara gidan na banki ne, kana haya har mallaka ta dawo gare ka. A musharaka mai raguwa kuwa ku biyu kuka mallaka, kana sayen kason banki sannu a hankali, kana biyan hayar abin da ya rage nasa. Su ma ka nemi jimilla a rubuce, ka tambayi wa zai ɗauki nauyin babban gyara da inshora, da abin da zai faru idan ka makara.

Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da gida tun yana zane a takarda, ka riƙa biya suna gini. Yakan fi araha, amma cinikin biri a sama ne. Girman kamfani ma ba lamuni ba ne: kamfanin gine-gine na Evergrande na cikin mafi girma a Sin lokacin da ya kasa biyan basukansa a 2021, a 2022 kuma masu saye a birane da dama na ƙasar suka daina biyan bashin gidajen da aka bar musu ba a gama ba. Idan za ka bi wannan hanyar, je ka ga abin da kamfanin ya gama a baya, ka yi magana da mazauna ciki, ka kuma tabbata an ɗaura biya da matakin aiki: kaso kaza idan an zuba harsashi, kaso kaza idan an yi rufi, ragowar sai an miƙa makulli.

Mataki na uku: unguwa

A nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, kuma a nan ne mutane suka fi yin gaggawa.

Fara da hanya. Ɗauki taswirar birnin a wayarka ka sa alama a wuraren da iyalinka ke zuwa kusan kullum: wurin aikinka, na matarka, makarantar yara, gidan iyaye idan kana kula da su. Unguwannin da za ka duba su ne waɗanda ke tsakanin waɗannan alamomi, komai kyan sunan wata unguwa can gefe. A 1994 wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi bayanin cewa a tsawon tarihi mutane sukan kashe kusan awa ɗaya a rana wajen zuwa aiki da dawowa, da ƙafa ne ko da mota. Babban birni yakan ninka wa mutum wannan sau biyu ko uku, jiki kuma yana biya. Yi lissafin da kanka: ƙarin awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, awa 240 ke nan, daidai da ranakun aiki 30. Gidan bayan gari da ya zo maka da rangwame, waɗannan ranaku 30 yake karɓa daga rayuwarka duk shekara, ban da kuɗin mai da na mota. Wani lokacin cinikin ya yi, wani lokacin bai yi ba, amma ka san abin da kake bayarwa.

Kada ka yarda da "ai minti ashirin ne zuwa cikin gari". Minti ashirin ɗin da tsakar ranar hutu aka auna shi. Tashi ranar aiki, ka je ƙofar gidan da ƙarfe bakwai na safe, ka kama hanya zuwa ofis da irin abin hawan da za ka riƙa shiga, sannan ka sake gwadawa da yamma lokacin tashi. Duba ko hanyar fita daga unguwar ɗaya ce. Unguwa mai gada ɗaya ko mahaɗa ɗaya, ranar da aka yi hatsari a wurin kowa ya makara. Ko kana da mota, tambayi inda ake shiga motar haya ko jirgin ƙasa, domin akwai ranar da motar za ta kwana a gareji, kuma yara ba tuƙi suke yi ba.

Sannan ka ziyarci layin a lokuta daban-daban. Da safe za ka ga cunkoso, da dare za ka ga haske da irin mutanen da ke tsayawa a kwana, a ƙarshen mako za ka ji ko akwai wurin biki a bayan katanga. Ziyara mafi muhimmanci ita ce wadda za ka yi bayan an tafka ruwan sama. Idan lokacin rani ne kake nema, ruwa ya bar maka shaida, sai dai ka san inda za ka duba. Sunkuya ka kalli gindin katangun maƙwabta, ba ta gidan da ake sayarwa ba, wadda wataƙila jiya aka yi mata fenti. Za ka ga wani layi miƙaƙƙe, ƙasansa ya fi samansa duhu, filasta ta ɗan ɓarɓashe, wani wurin da farin gishiri-gishiri. Nan ruwa yake tsayawa. Dubi ƙofofi: idan kowane gida a layin ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, ko an tara buhunan yashi a gefe, ba ado suke yi ba. Dubi lambatu, shin yana da zurfi, yana zuwa wani wuri, ko a ƙarshen layi ya tsaya cike da leda. Ka lura kuma ko titi ya fi daɓen gidan tudu. Duk lokacin da aka sake zuba kwalta titi yana ƙara hawa, tsofaffin gidaje suna komawa rami. A wasu birane hukuma na da taswirar wuraren ambaliya, kamfanonin inshora ma sun san su, don haka tambayar farashin inshorar gidan hanya ce ta jin gaskiya.

Bayan ruwan da ba a so, sai wanda ake so. Daga ina unguwar ke samun ruwan sha, sau nawa yake zuwa, yana hawa bene? Wutar lantarki fa? Wa ke kwashe shara? Tsaya a cikin ɗakin kwana ka gwada kiran waya da intanet, domin akwai gidan da sai an fito tsakar gida ake samun layi.

Ƙara da hayaƙi mutane sukan raina su a ranar gani, su dawo suna kuka da su bayan wata shida. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ababen hawa ta wuce desibel 53 a matsakaicin yini, 45 da dare, saboda abin da take yi wa barci da zuciya. Akwai manhajojin waya da ke auna ƙara. Ba su kai na'urar ƙwararru ba, amma sun isa ka kwatanta gida biyu. Binciken gurɓatar iska kuma ya nuna hayaƙin babban titi ya fi yawa tun daga bakinsa har zuwa nisan mita 300 ko 500. Gida a bakin titi yana da kyau ga shago. Ga mai jariri ko mai asma, layi na uku ko na huɗu a ciki ya fi.

Sai ka ajiye mota ka taka da ƙafa. A cikin minti 15, me za ka iya kaiwa? Kantin magani, wurin cefane, makarantar firamare, wurin ibada, asibitin da ke buɗe da dare? Wannan shi ne ma'aunin da Carlos Moreno, malamin jami'a a Faris, ya yaɗa tun 2016, kuma ko ba ka damu da ra'ayin masu tsara birane ba, za ka damu ranar da zazzaɓi ya kama yaro ƙarfe biyu na dare.

Maganar tsaro da halin maƙwabta ba a jin ta a bakin dillali, shi sai an yi ciniki yake cin abinci. Nemi mai shagon kan layi, ka sayi wani abu, ka tsaya. Nemi ɗan haya, domin ba shi da gidan da yake tsoron darajarsa ta faɗi. In ka samu dattijon da ya daɗe a wurin, bayan gaisuwa kada ka ce "unguwar nan lafiya kuwa?", amsar ita ce lafiya lau. Ce masa, "Baba, da za a ce a gyara abu ɗaya a layin nan, me za ku ce a fara da shi?" A nan za ka ji labarin lambatu, ko taransifoma, ko samarin da ke zama a kangon can. Tambaya ta biyu: "Mai gidan nan me ya sa zai sayar?" Idan amsarsa ta saɓa da ta dillali, ka samu abin bincike. Idonka ma zai gaya maka wani abu: mata da yara suna yawo bayan magariba? Shaguna suna kaiwa dare? Gida nawa ne a layin aka rubuta wa "na sayarwa" lokaci ɗaya?

Abu na ƙarshe shi ne gobe. Filin da ke kusa da gidan, wanda yau yake ba ka iska, na wani ne, kuma wata rana zai gina abin da ya ga dama a kai. Je ofishin tsara birni ka tambayi abin da aka ware yankin dominsa, ko akwai shirin faɗaɗa titi, ko layin dogo, ko kasuwa. Sabon titi na iya ɗaga darajar gidanka, yana kuma iya bi ta tsakiyar falonka.

Wanda ke da hali, ya kama haya a unguwar na wata shida ko shekara kafin ya saya. Babu binciken da ya kai wannan.

Mataki na huɗu: dillali da farashi

Tun ranar farko ku yi magana a kan la'ada: nawa ce, wa zai biya, dillalai nawa ne a cikin cinikin. Kada ka gaya masa ƙarshen abin da ke hannunka, domin duk gidan da zai nuna maka daga ranar a nan farashinsa zai tsaya. Kuma "akwai wani da zai kawo kuɗi gobe" magana ce da ake faɗa wa kowa; ko gaskiya ce, gidan da ba za a ba ka mako biyu ka bincika ba, bar shi ya wuce.

Farashin da ake nema daban, wanda aka sayar daban. Nemi labarin gidaje uku ko huɗu masu kama da shi da aka sayar a yankin kwanan nan, ka raba kuɗin kowanne da faɗinsa don ka san abin da murabba'in mita ke kamawa. Wani ma'aunin kuma: raba farashin gidan da hayar da zai kawo a shekara. Idan amsar ta haura 20 da nisa, gidan ya yi tsada a kan hayarsa, sai ka sake tunani ko ka matsa a ciniki.

Mataki na biyar: takarda

Ɗauki lauyanka na kanka, wanda kai kake biya. Lauyan mai sayarwa ko wanda dillali ya kawo ba naka ba ne, ko da mutumin kirki ne.

Aikin farko shi ne tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai gida. Takardar da ya nuna maka ba ta isa ba, ana buga ta jabu mai kyan gaske. Lauya zai je ofishin rajistar filaye ya binciko sunan da ke rubuce a can, lambar fulotin, girmansa, da ko an jinginar da gidan a banki ko kotu ta sa masa takunkumi. Sunan da ke rajista, da na katin shaidar mutumin, da na asusun da za a tura kuɗi, su zama ɗaya. Idan wakili ne ke sayarwa, a ga takardar wakilci, a kuma yi magana da mai gidan kai tsaye, fuska da fuska ko ta bidiyo.

Gidan gado shi ya fi kowanne jawo shari'a. Babban ɗa ya sayar, bayan shekara uku ƙanwarsa da ke wata ƙasa ta dawo ta ce ba da saninta ba. Sai ka ga takardar kotu ko ta hukumar da ta raba gadon, kuma duk mai haƙƙi ya sa hannu. Haka gidan da miji da mata ko abokan kasuwanci suka mallaka tare.

Ka san kuma irin mallakar da kake saye. A wasu ƙasashe ƙasar taka ce har abada, a wasu kuwa izinin zama ne na wasu shekaru, kamar 99, ko 70 ga gidajen zama a Sin. Shekarun ba daga ranar da ka saya suke fara ƙirguwa ba. A Ingila masu saye da bankuna sukan ja da baya idan abin da ya rage ya gaza shekara 80.

Sai safiyo ya zo ya auna ya nuna maka turakun iyaka, domin katanga takan shiga filin maƙwabci ko gefen titi ba wanda ya lura. A duba ko an gina gidan da izinin hukuma, har da ɗakunan da aka ƙara daga baya. Gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan bututun mai, ko bakin rafi, ko a cikin filin makaranta, arahar sa tana da dalili, ranar rusau kuma ba lallai a biya diyya ba. Daga nan sai basukan da ke bin gida: haraji, kuɗin ƙasa, wuta, ruwa. Idan akwai 'yan haya a ciki, a ga yarjejeniyarsu, a san ranar da za su tashi da wanda zai sallame su, kafin ka biya.

Mataki na shida: ginin kansa

Yanzu ne lokacin gini. Zo da injiniya ko gogaggen magini wanda ba shi da kaso a cinikin, ku zo da rana, da tocila.

Tsaga ba duka ɗaya ba ce. Siririya kamar gashi a jikin filasta, abin fenti ne. Wadda ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko aka gan ta ciki da waje a wuri ɗaya, harsashi ne ke motsi. Ma'aunin da masu binciken gini a Birtaniya ke amfani da shi ya ɗauki tsagar da ba ta kai milimita 5 ba a matsayin ƙaramar matsala, daga 15 zuwa sama kuwa babbar ɓarna. Buɗe kowace ƙofa da taga ka rufe. Wadda ke cijewa ko take buɗe kanta tana nuna gini ya karkata. Bango ɗaya da ya sha sabon fenti shi kaɗai a ɗaki, sa tafin hannu ka ji ko yana da sanyin danshi, ka ja kabad ka leƙa bayansa. Ɗaga kai ka nemi tabo a silin, in da hali a leƙa cikin rufin a ga katako, ko gara ta ci. A ƙarƙashin rufin kankare (dakin), ƙarfen da ya fito yana tsatsa ba ƙaramin abu ba ne. Buɗe famfuna duka lokaci ɗaya, ja ruwan kowane banɗaki, tambayi inda sokawe yake da nisansa da rijiya. A buɗe akwatin wuta a ga wayarin. Tsohon gida kuma yana iya zuwa da rufin asbestos ko fenti mai dalma, wanda Amurka ta hana amfani da shi a gidaje tun 1978. Dukansu suna da haɗari idan aka zo fasawa ko kankarewa.

Mai sayen fulat a dogon bene, ba ɗakunansa kaɗai ya saya ba, ya sayi kaso a rufi da harsashi da lifta. Tambayi kuɗin hidima na wata, ko akwai asusun manyan gyare-gyare, nawa ne a ciki, maƙwabta nawa ne ba sa biya. Benen da ya rushe a Surfside ta jihar Florida da ke Amurka a Yunin 2021 ya kashe mutum 98, alhali tun 2018 injiniya ya rubuta rahoton lalacewar kankaren ginin. Nemi irin wannan rahoto da bayanan taron mazauna, ka karanta.

Duk abin da aka gano, a yi masa kuɗi a rubuce. Da wannan takardar za ka koma teburin ciniki.

Mataki na bakwai: biya da karɓar makulli

Idan an daidaita, kafin alƙalami ya zama kaɗan, kuma da rubutaccen sharaɗi: za a dawo maka da shi idan bincike ya nuna matsala a takarda, ko injiniya ya gano babban aibi, ko banki ya ƙi ba da kuɗi. Inda ake da tsarin ajiye kuɗi a hannun lauya ko wani amintaccen ɓangare na uku har a kammala, bi shi. Yarjejeniyar ta faɗi farashi, ranakun biya, ranar miƙa gida babu kowa a ciki, da abubuwan da za a bari, domin an sha shiga gida a tarar an cire injin ruwa, fankoki, har da ƙofofi.

Biya ta banki, kada ka ɗauki tsabar kuɗi a jaka. Idan saƙo ya zo maka ana gab da biya cewa an sauya lambar asusu, tsaya, ka kira mutumin a lambar da ka riga ka sani. Wannan damfara ce da ta yaɗu a ƙasashe da yawa. Kashi na ƙarshe kada ya fita sai a zaman da za a sa hannu gaban shaidu a miƙa maka takardun asali. A safiyar ranar ka sake zagaya gidan, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa.

Da ka karɓi makulli, sauya kwaɗuna. Sannan a cikin makon, tun kafin maganar labule da kujeru, lauya ya shigar da takardun sauya suna a ofishin rajista, ka biya harajin da ke kai, ka riƙa bibiya har sunanka ya fito. Mutane da yawa sukan ɗage wannan saboda kuɗi ya ƙare, su shekara goma da takardar ciniki kawai a akwati. Idan mai sayarwa ya rasu ko ya sake sayar wa wani a tsakani, a yawancin dokoki wanda ya riga yin rajista shi ke da ƙarfi. Ɗauki hoton kowane shafi ka adana a intanet, ka ba wani amintacce kwafi, takardun asali kuma su zauna inda wuta da ruwa ba za su kai gare su ba.